Bishiyar ƙofar gidanka ta zama matsala? Ga yadda hukuma ke sauraron mutum

Kafin ka ɗauko gatari ka sani, bishiyar da ke tsakanin katangarka da kwalta galibi ba taka ba ce. Filin na hukuma ne, abin da ya tsiro a kai ma nata ne ko da kuwa kai ke share ganyen kullum safiya. Ka sare ba izini a ci ka tara, wani wurin har a ɗora maka kuɗin dasa wata. Ni ba na gaba da bishiya wallahi, inuwa rahama ce, amma akwai wadda zamanta ya koma barazana, kuma irinta ce ta tsaya mana a ƙofar gida, ta ɗaga simintin gefen titi har tsofaffi na tuntuɓe, ga wani ƙaton busasshen reshe yana reto daidai inda yara ke wucewa.

Abin da na lura da shi a zirga-zirgar ofis shi ne "ta dame ni" ba hujja ba ce a wurinsu. Ganye na cika maka tsakar gida, tsuntsaye na ɓata mota, ta tare maka rana ko dish, duk za a saurare ka da fara'a a ce za a duba, shi ke nan ka ji shiru. Abin da ke motsa su haɗarin rai ne da asarar dukiya, don in an sanar da su a rubuce sannan abu ya faru, alhakin na iya hawa kansu kuma sun san da haka.

To je ka tsuguna a gindin bishiyar ka duba da kyau. In ka ga laimar kwaɗi ta fito a jikin kututturen ko kan manyan saiwoyi, sau da yawa ruɓewa ce a ciki duk da ganyen sama shar suke. Ƙwanƙwasa jikinta ka ji ko akwai kogo. Duba inda manyan rassa suka rabu ko akwai tsaga. Maganar karkata kuma a bi a hankali, wadda ta girma a karkace tun tana ƙarama ba lalle ta faɗi ba, abin tsoro shi ne sabuwar karkata, wadda za ka ga ƙasa ta kumburo ta dare ta ɗaya ɓangaren, wannan kam ba takarda za ka tsaya rubutawa ba, waya za ka buga nan take.

Saiwa ma mutane ba su fahimce ta ba. Mafi yawan saiwoyin bishiya a saman ƙasa suke, cikin santimita 60 na farko, kuma suna bazuwa su wuce inda inuwarta ta tsaya, shi ya sa suke ɗaga siminti. Bututun ruwan datti kuwa yawanci ba su ke fasa shi ba, tsaga ko mahaɗin da ya saki suke samu su bi danshi su shige, kuma jami'in da za a turo ya san wannan, don haka kar ka ƙara gishiri, da zarar ya kama ka da zuzutawa sauran maganarka ta zube. In ƙasar wurin yumɓu ce, bishiya na iya zuƙe ruwanta ta tsuke har fandisho ya zauna, bango ya tsage. Wannan ba a faɗarsa da baki, injiniya za ka samu ya duba ya rubuta.

Takardar kanta gajera ta isa, inda bishiyar take, abin da ta lalata, hotuna da kwanan wata, ka ajiye takalmi ko tsinke a gefen tsagar don a ga girmanta. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimi a naka. Maƙwabta su sa hannu, kansilanku ma ya sani. In rassan na taɓa wayar lantarki, kamfanin wuta za ka fara kira, kuma kar kowa ya hau.

Don Allah a daina zuba mata guba ko feƙe ɓawonta zagaye da dare don ta mutu "da kanta". Abin na ɓata min rai sosai. Za ta mutu ɗin, amma a tsaye, tana zubar da rassa kan masu wucewa, kuma duk wanda ya san aikin kallo ɗaya zai gane hannun mutum ne.

Kar ka yi mamaki in sun ce rage rassa za su yi maimakon sarewa, in ya kawar da haɗarin ka karɓa. Mu dai tamu da aka duba ruɓewar ta yi nisa, sarewa aka yi. In taka ma ta kai haka, tun kafin masu zarto su zo ka tambayi wa zai tono kututturen, don wasu itatuwan sake tofowa suke yi, sannan ka roƙa a dasa wata da ba ta girma sosai a gurbin.