Hazon da ke idon Baba

Talata da dare, Gombe.

Yau dai Allah Ya yi na kai Baba asibitin ido. Shekara biyu ke nan yana cewa gari ya yi hazo, har a tsakiyar damina. Bai yarda ya biyo ni ba sai da wasulla suka fara ɓace masa a Alƙur'aninsa mai manyan baƙi.

Da sassafe muka bar Jekadafari a Keke Napep, amma sai wajen sha ɗaya layi ya zo kanmu. Aka ɗiga masa magani, baƙin idon ya buɗe, likita ta haska ta ce yanar ido ce, ta dama ta fi kauri.

Ni duk zatona yana wata fata ce da ke lulluɓe ido daga waje, irin ta saman dafaffiyar madara, a yaye ta a huta. Ashe a ciki take. A bayan baƙin ido akwai wani abu garau kamar gilashi mai tattara haske, shi ne tsufa ke dusar da shi. Ciwon suga, shan taba da buguwa a ido suna gaggauta abin. Babu maganin ɗigawa ko kwallin da ke wanke shi. Aiki ake yi, a cire wanda ya dushe a sa na roba, kamar minti 30, kuma idon kawai ake kashewa, mutum na farke.

Baba ya kawo zancen wani mai aikin ido da tsinke da ke zagaya ƙauyuka. Likita ta ajiye biro.

"Baba, don Allah kar ku je. Ba cirewa yake yi ba, turawa yake can cikin ido. Da yawa daga baya suke makancewa."

An auna hawan jinin ido, lafiya lau. Nan hankalina ya kwanta, don shi wannan in ya ci gani ba ya dawowa, ita kuwa yana ana warkewa.

A hanya Baba ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu ba za su ƙwaƙule idon su ɗora a faranti ba?" Har mai keken sai da ya dara.

Alhamis za a gwada sugansa kafin a sa rana. Ɗazu na buɗe durowarsa ina neman katin asibiti, na tarar da kwalaben maganin ɗigawa guda bakwai. Biyar ni na sayo masa a kemis.