Man da ya ƙare a bakin Iskandariya

A shekararmu ta biyu a koyon gyaran jirgin sama, wani malaminmu ya shigo aji ya ce mu ajiye alƙalami, labarin jirgi ɗaya zai ba mu. Jirgin kamfanin Imperial Airways ne na Ingila, ƙirar Short Calcutta, irin mai sauka a kan ruwa, injinsa uku, sunansa City of Khartoum. Kamfanin nan ne kuwa ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano a farkon 1936, don haka sunan ba baƙo ba ne a wajenmu.

Ranar 31 ga Disamba 1935 ya taso daga tsibirin Kirit zuwa Iskandariya a Masar, da mutum 13 a ciki. Dare ya yi, fitilun gari sun bayyana, har ya fara saukowa, sai injinan nan uku suka mutu. Ya faɗa teku. Mutum 12 suka rasu. Matuƙin kaɗai ya tsira, ya shafe sa'o'i yana iyo kafin jirgin ruwan yaƙi HMS Brilliant ya tsamo shi.

Mai ne ya ƙare. Mu duka muka ɗora wa matuƙi laifi: ya za a yi ka tsallaka teku ba ka san abin da ke tankinka ba? Malam ya bari muka gama, sannan ya faɗi abin da bincike ya gano. An taɓa kafireton injinan a wajen gyara, sai suka ƙara shan mai. Ana kuma zargin gejin mai ma bai faɗi gaskiya ba. Wato mutumin ya yi lissafinsa ne da jirgin da ya sani jiya, alhali hannun makanike ya riga ya mai da shi wani jirgi. Wannan ya zauna mini a rai, domin hannun nan irin nawa ne. Mai riƙe da sifana ba ya tashi sama, amma abin da ya murɗa yana tashi da rayukan mutane, kuma matuƙi ba shi da hanyar ganinsa sai ta takarda.

Na ɗauka na gane, sai da na je koyon aiki. Wata rana da yamma na taimaka aka daidaita man injin wani ƙaramin jirgin horo. An gaji, magariba ta gabato, na ce a raina gobe da safe na rubuta a littafin jirgin. Maigidana ya tsare ni a bakin ƙofa.

"Ka rubuta?"

"Ranka ya daɗe, gobe in sha Allahu."

"Idan zazzaɓi ya kwantar da kai fa, wa zai gaya wa mai tashi da shi da asuba?"

Kunya ta kama ni. Na koma na rubuta abin da aka taɓa, da inda yake a da, da inda ya koma, ya duba ya sa hannu. Washegari aka tada injin a ƙasa aka auna shansa kafin a sake shi.

Shi ne kuma ya hana ni yarda da geji shi kaɗai. Duk safiya sai na hau tsani, na buɗe murfin tanki, na tsoma sandar awo na gani da idona, fiffiken dama da na hagu. Yanzu akwai yara biyu a ƙarƙashina, kuma a makonsu na farko nake ba su labarin daren nan na 1935, kafin in miƙa musu sandar.