Fatsa a Kan Ƙanƙarar Tafkin Lake of the Woods

A watan Janairu wani dattijo da muke aiki tare a jihar Minnesota ta ƙasar Amurka ya ɗauke ni zuwa Baudette, garin da ke bakin kogin Rainy, kusa da inda kogin yake zuba cikin tafkin Lake of the Woods da Amurka da Kanada suka raba tsakaninsu. Lokacin da motarmu ta bar gaɓa ta hau kan daskararren ruwa, gabana ya faɗi, domin zuciyata ta ƙi yarda cewa ruwa zai iya ɗaukar mota. Dattijon bai lallashe ni da magana ba. Sai da muka isa ya huda ƙanƙarar da injin haƙa, ya zura sandar awo cikin ramin, ya nuna mini kaurinta ya haura inci 20. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana ba da shawarar kada mutum ya taka ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, kuma wannan lissafin na sabuwar ƙanƙara ne garai-garai, domin farar da dusar ƙanƙara ta gauraya da ita ƙarfinta kusan rabi ne.

Mun zauna cikin ɗan ɗakin katako da aka ajiye a kan ramukan, da murhun gas a gefe, kuma bai yarda a toshe kafar iska ba duk da tsananin sanyi, saboda gubar da murhu ke fitarwa ba ta da wari.

Doka ta ba kowa damar zura igiya biyu. A ƙugiyar farko muka maƙala ɗan ƙaramin kifi mai rai muka bar ta ba motsi, a ta biyu kuwa akwai ɗan ƙarfe mai walƙiya da ake ɗagawa ana saki daf da ƙasan tafki, inda zurfin ya ɗan wuce ƙafa 30. A nan na yi kuskuren da ya cinye mini safiya. Ina fizgar sandar da ƙarfi kamar mai kiran kifi daga nesa, alhali kifin da suke kira pac, ɗan rawaya mai baƙin zane a gefe, cizonsa a cikin ruwan sanyi bai wuce ɗan rawar bakin sanda ba. Na'urar da ke nuna motsi a ƙarƙashin ruwa ta sha nuna mini kifi ya taso ya koma. Sai da na rage motsi, nakan ɗaga kaɗan in tsaya cak, sannan na fara ciro su, kuma da yake garke suke yawo, huɗu suka zo a jere kafin wurin ya yi tsit.

Kifin da ake yin doguwar tafiyar dominsa shi ne wolai, wanda jihar ta ɗauka a matsayin kifinta tun 1965. A bayan idonsa akwai wani shafi mai mayar da haske, shi ya sa yake farauta da asuba da magariba a yawancin tafkuna. Ruwan wannan tafki kuwa launin shayi ne, don haka yakan ci ko da rana tsaka. Bayan azahar sandar da na bari ba motsi ta lanƙwasa a hankali, na ja igiyar da natsuwa har kansa ya cika ramin. Da muka auna, inci 22 ne, wato ya faɗa cikin tsawon da doka ta ce a mayar, daga inci 19 da rabi zuwa 28, domin manyan mata masu ƙwai suna cikin wannan rukuni.

Abin da ya dame ni shi ne idanunsa sun ɗan bulluƙo, cikinsa ya kumbura. Dattijon ya bayyana mini cewa kifin da aka ciro daga irin wannan zurfi, jakar iskar da ke cikinsa takan kumbura saboda nauyin ruwa ya ragu a kansa, kuma wasu ba sa rayuwa ko an sake su. Na mayar da shi da kai ƙasa, na riƙe wutsiyarsa har ya fizge ya nutse. Washegari na roƙi mu koma kusa da gaɓa, inda zurfin bai wuce ƙafa 20 ba, ko da kamun zai ragu, kuma ya yarda.