Ni da ragar lissafi yau

Wallahi zana abu a kwamfuta daban, yayyanka shi ƙanana-ƙanana don lissafi, wato yi masa raga, daban. Tun safe nake fama da ragar wani bututu mai lanƙwasa a Gmsh, manhajar da ake yin irin wannan raga da ita, ashe 'yar ɓaraka na bari tsakanin fuskoki biyu tun wajen zane, ido ma ba ya ganinta sai ka zuƙo sosai. Ina ɗinke ta komai ya tafi. Sai na matse ƙwayoyin ragar, wato ƙananan yanke-yanken nan, a jikin bangon bututun da wajen lanƙwasar don nan gudun ruwa yake saurin canzawa, na tsakiya kam na bar su manya-manya, kwamfutar tawa ba ƙarfi gare ta ba. Gobe zan ninka yawansu in ga ko sakamakon zai motsa.