Shunin da ya bushe mini a faranti

Talata. Hunturu ya kankama, tun asuba hazo ya rufe gari, ko Dutsen Dala ba a hangowa daga saman soronmu.

Yau kwana 9 ina fama da zanen marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Wani bawan Allah ne ya ba ni aikin, zai rataya a falonsa a Abuja. Ya ba da kafin alƙalami, ni kuma tuni na cinye. Hoton wani dattijo ne tsugune a bakin karofi yana ɗago yadi daga ruwan baba. Komai ya zauna, sai launin yadin nan da ke hannunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san yadi ba ya fitowa daga rami da shuɗinsa. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe a gaban idonka. Wannan ɗan tsakanin nake son kamawa.

Da hantsi na same shi. Shuɗi mai duhu, ɗan ruwan ƙasa, ɗigon rawaya, fari kamar ƙwayar gero, ina juyawa ina gwadawa a gefen kwali, wajen minti 40. Na ɗauki buroshi ke nan waya ta yi ƙara. Zauren WhatsApp na danginmu ne, ana ta cacar baki a kan ankon bikin 'yar gwaggona. Na ce bari in leƙa kawai. Na saurari saƙon murya na minti 4, na ba da amsa, aka mayar mini da martani, daga nan ban san yadda aka yi na tsinci kaina a Facebook ina kallon wani yana gyaran injin ban ruwa ba, ni da ko fadama ba ni da ita.

Da na waiwayo, fentin ya yi fata. Na taɓa da yatsa, ya ɓanɓaro kamar leda.

Halin akirilik ke nan, irin fentin da nake aiki da shi. Fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba, shi kuwa wannan da ruwa ake dama shi, ruwan na tashi shi ke nan, kuma in ya bushe ko ka jiƙa ba ya dawowa. Ga iskar hunturu da ke busar da leɓen mutum ma, balle ɗan fenti a faranti. Abin da ya fi ciwo, yakan ƙara duhu bayan ya bushe, don haka ba a sake haɗa launi da ido kawai. Sai ka shafa, ka jira, ka duba, ka ƙara fari, ka sake jira.

Ina cikin ƙunar rai Hajiya ta ƙwala mini kira daga tsakar gida.

"Na'am, Hajiya."

"Zo ka sauke mini buhun nan, ka bar wannan shafe-shafen naka tukuna."

Na je na sauke, na dawo, duka-duka minti 5. A nan jikina ya yi sanyi. Kullum nakan ce hayaniyar gidan yawa ce ke hana ni aiki, har ina mafarkin kama shago ni kaɗai. Ashe da shagon ma da wayata zan tare.

Bayan azahar na kira ƙanwata na danƙa mata wayar.

"Ko na roƙe ki kada ki ba ni sai an kira la'asar."

"To Yaya, amma da kuɗin awara."

Naira 200 ta caje ni, 'yar banza. Na samo tire, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, na ɗora takardar gashin kek a kai, na matsa fentin a bisanta don danshi ya riƙe shi. Na kashe rediyo, na ja allon zanen kusa da taga, domin hasken ƙwan lantarki ƙarya yake yi wa launi.

Farkon zaman da wuya. Sau 3 hannuna na shiga aljihu yana lalube, ba kowa. Can sai na daina jin kukan injin markaɗen maƙwabta. Na lura inda yadin ya naɗe a kan yatsun tsohon, nan koren ya fi daɗewa, tunda iska ba ta kai ciki da wuri. Kwana 9 ina kallon hoton da na ɗauko a marinar ban ga wannan ba. Na bi lanƙwasar da ƙaramin buroshi, layi bayan layi, har sai da na ji ladan, na ga ruwan wankin buroshina ya koma kamar na karofi.

Launin bai kai na safe ba, ko kuma zuciyata ce ke ƙawata wanda ya bushe. Saura hannun hagu na dattijon, gobe in Allah ya kai mu.

Da aka dawo mini da waya na tarar da saƙo 63. Sun tsayar da anko. Shuɗi ne, kuma gwaggo ta ce ni da na san launi ni zan je Kantin Kwari in zaɓo.