Tsohuwar Dell ɗin Kawu

Asabar.

Tun da hantsi nake fama da kwamfutar Kawu, Dell Inspiron 1525, 'yar shekarar 2008. Windows ta yi mata nauyi, shi ya sa daren jiya na ɗora mata Debian 12, wani nau'in tsarin Linux. Allo ya kawo, sauti ya kawo, amma Wi-Fi ko alamarsa babu.

Da na buga lspci -nn, umarnin da ke jero kayan cikin kwamfuta, sai ga katin Wi-Fi ɗin ɓaro-ɓaro: Broadcom BCM4312, lamba 14e4:4315. Ke nan da ransa, bai mutu ba. Na leƙa dmesg, inda Linux ke rubuta saƙonninsa, na tarar yana kukan ya nemi fayil ɗin b43/ucode15.fw bai samu ba. Direban b43, wato shirin da ke sarrafa katin, da ma yana cikin Linux, sai dai katin ba ya motsawa sai an ɗura masa firmware, wato ɗan shirin da ke aiki a cikin katin shi kansa. Lasisinsa kuwa bai ba da damar a raba shi tare da Debian ba. Abin da masu Debian suka tanada shi ne firmware-b43-installer a sashen contrib na rumbun manhajojinsu, wanda zai sauko da direban kamfanin Broadcom ya tsamo abin da ake buƙata daga cikinsa. To, da wane intanet ɗin zai sauko? Makulli yana cikin ɗaki, ɗakin kuma a kulle.

Igiyar cajar wayata ce ta fisshe mu. Na jona wayar ta USB, na raba wa kwamfutar data, na ƙara contrib a sources.list, fayil ɗin da ke jero inda ake sauko da manhajoji, cikin 'yan mintoci aka gama. Wasu sun fi son wl, direban kamfanin Broadcom, ni dai ba na taɓa shi a kan irin wannan kati, don yana zuwa da fayil ɗin da ke toshe b43, daga baya mutum ya yi ta laluben abin da ya hana shi tashi.

Na sake kunnawa, shiru. Kawu yana kan kujera da carbinsa, ya ce, "Ɗana, ko dai mu kai ta kasuwa ne?"

Na ce, "Ku ƙara mini haƙuri kaɗan, Kawu."

Umarnin rfkill list, mai nuna ko an toshe Wi-Fi, shi ne ya tona asiri, ya nuna an toshe katin daga jikin na'ura. Akwai wani ɗan makunni a gefen kwamfutar, ƙura ta cike raminsa. Na sa tsinken sakace na share, na tura shi, 'yar fitilar Wi-Fi ta kama.

Sunayen Wi-Fi na maƙwabta suka jeru, ban da na wayata. Katin 2.4GHz kaɗai ya sani, wayar kuma tana kan 5GHz. Ina sauyawa ya kama.

Ana kiran la'asar Kawu ya buɗe imel ɗinsa. Batirin dai ba ya riƙe caji ko na minti goma, wannan kam sai kasuwa ranar Litinin.