Asabar a wurin masu bugu

Yau na tashi da niyyar in yini ina sauraron unguwarmu da irin natsuwar da ake sauraron makaɗin da ake girmamawa. Abin da ya jawo haka shi ne labarin John Cage, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, wanda a 1952 aka gabatar da wani aikinsa inda makaɗin fiyano ya zauna minti 4 da daƙiƙa 33 bai kaɗa komai ba, har motsin iska da yayyafi a kan rufi da gunagunin 'yan kallo suka zama su ne kiɗan.

Da asuba na lura cewa ladanan masallatai ukun da ke kewaye da gidanmu ba sa fara kira tare, sai wani ya kai tsakiya kafin wani ya ɗauka, muryoyin suna hawa kan juna kamar saƙar tabarma. Shekarata goma sha ɗaya a gidan nan, amma sai yau na ji haka. Da hantsi kuwa janaretan maƙwabci ya danne komai, in ban da ƙarar kurar ɗan garuwa da jarkokinsa.

Bayan azahar na tafi Ƙofar Mata, na wuce marina na zauna wurin masu bugu. Mutum huɗu ne suka sa gungumen itace a tsakiya, an shimfiɗa shadda a kansa, kowa da gudumarsa ta itace. Da farko hayaniya kawai nake ji, amma da na daɗe sai kunnena ya fara rarrabewa: gudumar dattijon cikinsu tana da murya mai zurfi, ta wani saurayi tana faɗawa cikin ɗan tsakanin da dattijon ya bari, kamar luguden mata a turmi. Duk lokacin da aka sake ninka shaddar, sautin yana ƙara kauri.

Na ce, "Baba, ko za ka yarda in ɗauki sautin aikinku a waya?" Ya ce, "Ɗauki mana, ɗana, ai mu ma da kunne muke aikin, domin wanda ya saɓa bugu zai iya sauke guduma a hannun ɗan'uwansa." Wannan magana ta fi duk abin da na karanta kama ni.

Da dare na saka abin sauraro a kunne da nufin in yanyanka sautin in sake jera shi, kamar yadda Pierre Schaeffer, wani mai tsara kiɗa ɗan Faransa, ya yi da ƙarar jiragen ƙasa a 1948. Sai na ji abin da ya kuɓuce mini da rana, wato numfashin dattijon da yake fita daidai da kowane bugu, da kuma hon ɗin wata adaidaita sahu da ya faɗo daidai lokacin da suka tsaya juya shadda. Na saurara sau huɗu, ban yanke ko daƙiƙa ɗaya ba.